Ɗebi Na Inna Tukuna

Jiya da hantsi ina zaune a gindin dalbejiyar nan ta bakin gonar gwaji, sai na ji ɗayarku, wannan mai farin tabarau, tana ce wa abokin aikinta, "Kai, ɗebi na Inna tukuna kafin ka juye irin nan." Na yi dariya har na ƙware. Na kira ta na ce, "'Yata, wace ce Inna?" Ta ce wallahi ita ma haka ta tarar ana faɗi, ta ɗauka wani sunan Turanci ne aka taƙaita. To ku matso ku zauna, ku ajiye wayoyin nan. Yau zan gaya muku wace ce Inna, amma sai kun yi haƙuri na fara daga farko.

Ni ne Sale. Na daɗe da ajiye aiki, ƙafata ce dai ta ƙi ajiyewa, shi ya sa kuke ganina nan kullum. Shekara talatin da 'yan kai na yi a wannan gona ta bayan Yelwa a nan Bauchi, kuma aikina guda ne: haɗa irin shinkafa da irin shinkafa don a sami wanda ya fi. Ku yanzu kuna tsinko ɗan ganye ku kai ɗakin bincike, na'ura ta gaya muku abin da ke cikin tsiron tun bai kai kamu ɗaya ba. Madalla, ban raina ba. Amma na ji wani cikinku yana cewa aikin gonar ai mai sauƙi ne, yanka fure ne kawai da kaɗa gari. Allah Ya shirye ka, ɗana.

Ranar da na fara aiki, Malam Buba ne ya karɓe ni. Dogo ne siriri, iyayensa makiyaya ne, shi kaɗai ya bar shanu ya kama shinkafa. Bai tambaye ni takardar makaranta ba. Cewa ya yi, "Miƙo hannunka." Na miƙa. Ya ɗora mini ƙwayar shanshera ɗaya a bayan hannu, wato shinkafar da ba a sussuke ɓawonta ba, ya tsaya yana kallo ko za ta motsa. Da ya ga ba ta faɗi ba sai ya ce, "To, ba ka da rawar hannu. Sauran hankali, shi kuma sai a hankali." Daga nan ya buɗe wani tsohon gwangwanin alewa ya nuna mini kayan aiki: ƙaramin almakashi, hantsaki mai bakin allura, 'yan ambulan na farar takarda, zare, da guntun fensir. Na ce ina da biro. Ya ce in ajiye birona in rubuta wa budurwa wasiƙa, domin ruwan sama ɗaya zai wanke shi, a wayi gari ba a san uwar tsiro ba balle ubansa.

Ga yadda aikin yake, tunda kun ce mai sauƙi ne. Furen shinkafa da namiji da mace duk a ɗaki ɗaya suke, cikin ɓawo guda, don haka ita ke yi wa kanta barbara. In kana son ka haɗa ta da wata, sai ka riga ta. Da la'asar za ka sami zangarniyar da ta fara leƙowa, ka yanke kan kowane fure da almakashi, ka zura hantsaki ka zare 'yan tsinkayen nan masu ɗauke da gari rawaya. Shida ne a kowane fure. Shida fa, ba biyar ba. In ka bar ɗaya, aikin banza ka yi, domin za ta auri kanta, kai kuma ka yi ta renon abin da ba shi ka haɗa ba. In kuma hantsakinka ya taɓa macen da ke ƙasa, ka kashe furen. Kana yin wannan a tsugune cikin taɓo, sauro na cin ƙeyarka, ba ka da hannun kore shi. In ka gama sai ka rufe da ambulan. Washegari da hantsi, lokacin da furanni ke buɗewa, ka yanko zangarniyar uban ka kaɗa garinta a kai, ka sake rufewa, ka rubuta sunan uwa tukuna sannan na uba.

Haɗina na farko, fure arba'in na yi, ina ta hura hanci. Bayan mako huɗu muka buɗe ambulan, ƙwaya biyu muka tarar, su ma a cikin cikakken ɓawonsu. Malam Buba ya juya su a tafin hannu ya ce, "Waɗannan ma mantawa ka yi ba ka yanke su ba. Amarya ta ɗaura wa kanta aure, liman yana can yana fama da sauro." Daga ranar sunan ya bi ni. Har a majalisarmu ta Ƙofar Dumi, in na iso sai a ce, "Ku ba limamin shinkafa wuri." Sai da na shekara biyu kafin Malam Buba ya daina tsayawa a kaina.

Shugaban sashenmu shi ne Dakta Bitrus, mutumin kudancin jihar nan ne, mai son raha. Hausarsa irin ta mutanenmu ce da ba ruwanta da mace ko namiji. Wata rana ya same ni ina tsaki a kan wani layi da ya yi ƙwaya da yawa amma duk ƙanana. Ya ce, "Sale, kada ka yi fushi da shi. Shinkafa yana da dangi a cikinsa." Na ce, "Ranka ya daɗe, dangi kuma?" Ya tsuguna ya yi mini zane a ƙasa da tsinke. Ya ce a cikin kowane tsiro akwai ƙwayoyin gado, su ne ke faɗa masa yadda zai kasance, kuma ba ɗaiɗai suke ba, gida-gida suke, kowane gida kakansu ɗaya, kamanninsu ɗaya, aikinsu ya yi kusa da juna. Akwai gidan da ke da hannu a tsawon kara. Akwai masu kula da yawan 'ya'yan da gindi zai fitar. Wasu su ke yanke yawan rassan zangarniya da ƙwayar da za ta ɗauka, wasu girman ƙwayar, wasu kuma yadda za ta yi danƙo ko warwara a tukunya. A gida ɗaya ma, wani aikinsa a saiwa yake, ɗan'uwansa a fure. Matsalar ita ce tukunya ɗaya suke ci. In masu yawan ƙwaya suka cika hannu, sai masu girman ƙwaya su tashi da yunwa.

Malam Buba yana gefe yana saurare. Da Dakta ya gama sai ya ce, "Dakta, ai wannan mu a ruga mun san shi. Saniya mai yawan nono ba ta cika jure tafiya ba." Dakta ya yi dariya ya ce da ya sani da bai ƙetare teku neman abin da ke ruga ba.

Mu a lokacin ba mu da na'urar ganin dangin nan, sai dai mu gane su a fuska. 'Ya'yan farko na haɗi duk kama ɗaya suke fitowa, kamar an buga su a inji. Jikoki ne ke tona asiri. Nan za ka ga gona ta zama kasuwa: dogo, gajere, mai gashi a baki, mai saurin nuna, malalaci. Sai ka bi su gindi-gindi kana zaɓe, ka shuka na zaɓen baɗi, ka sake zaɓe, haka har shekara shida ko bakwai kafin layi ya natsu ya daina canza hali. Kuma kowace shekara, kafin a kai iri gona, ana ɗebe wani a zuba a ambulan a ajiye a sito, saboda gona ba ta da tabbas. Wannan ce dokar da Malam Buba ya fi tsananta mini a kai. Ko ranar da ya yi sallama da aiki, abin da ya ce mini ke nan a bakin ƙofa: "Sale, kada ka taɓa yarda ka ga gindin ambulan."

Layi na arba'in da ɗaya, shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk aikina. Da hannuna na haɗa iyayensa. Uwar wata doguwar shinkafar gargajiya ce mai daɗin tuwo, amma da iska ta kaɗa sai ta kwanta cikin ruwa ta ruɓe. Uban gajere ne baƙo, mai ƙarfin kara da yawan ƙwaya, sai dai ba shi da daɗi ko kaɗan. Shekara bakwai ina bin jikokinsu har na sami wadda ta ɗauko gajartar uba da cikar zangarniyarsa. Tsayinta iya cinyata, ganyenta na sama a miƙe tsaye, bakin ƙwayarta da ɗan ɗigon ja. Manoman fadama da ke zuwa kallo suka fara damuna. Wani dattijo ya tsaya a kanta ya ce, "Malam Sale, wannan 'yar duƙurmar yaushe za ku sake ta? Ko sai mun mutu?"

Abu ɗaya ne ban sani ba, wato ko ta gaji uwarta a tukunya. Mu a Bauchi ai kun sani, shinkafar da ba ta yi masa ba, wato waina, ko ta cika rumbu goma ba ta gama cin jarrabawa ba. A takardun Dakta kuwa babu gurbin da aka ware wa gwajin masa. Akwai kuma doka cewa irin da ba a saki ba, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga gona. Ni dai bayan girbin shekarar nan na auni mudu ɗaya na shanshera na zuba a jakar kekena, na rufe da rigar ruwa, na wuce maigadi ina gaishe shi da fara'a fiye da kullum.

Inna Hajara ƙanwar mahaifiyata ce. A ƙauye ta tashi, gidan manoma, aure ya kawo ta Ƙofar Dumi, kuma a wannan lungu babu wanda bai san masarta ba. Bakinta kuwa ya fi tandarta zafi. Na ajiye mata mudun na ce ta gwada mini. Ta ɗebo ta duba, ta ciza ɗaya, ta ce, "Wannan ce ka shekara bakwai kana yi wa tsugune? Da ɗan mutum ne ai da ya shiga makaranta." Bayan kwana uku na koma da sassafe. Tana zaune gaban tanda, ta ɗauko masa ɗaya ta ɓare ta biyu a gabana. Cikinta fari tas, ta tashi, ga 'yan huji-huji, ga laushi. Ta ce, "Ƙullun ya tashi har ya so ya zubar mini da murfi. Ka ce wa Daktan naku na ce ta yi." Na ci guda tara a tsaye. Daktan kuwa ban gaya masa ba, don ba ni da bakin faɗa.

Sai shekarar wahala ta zo. Da damina aka ce mu yawaita layin arba'in da ɗaya don a kai shi gwaji gonakin manoma. Na yafa irin duka a wurin reno, na bar na ambulan a sito kamar yadda aka saba. Kwana biyu da yafawa, zabin wani maƙwabci suka shigo ta ƙasan waya suka yi mini ɓarna a gefe guda. Na lissafa na ga dashen ba zai cika filin ba, layi uku za su rage. Layi uku kacal! Da na bar su haka, babu wanda zai ce mini kanzil. Amma ina son Dakta ya zo ya ga fili a cike, ina kuma tuna dattijon nan mai cewa ko sai sun mutu. Na shiga sito na ɗauko ambulan na juye, har da kaɗa gindinta da yatsa. Na ce a raina, ai wata uku ne, in mun girbe sai in mayar da ninkinsa.

Filin ya cika kuwa, ya yi kyau har ana tsayawa kallo daga hanya. Shinkafar ta fara ciki ke nan aka yi wani ruwa a can sama wajen duwatsu. Mu nan yayyafi kawai muka gani. Da azahar rafin da ke bayan fadama ya ƙetare gaɓarsa, ya shigo da yashi da itatuwa. Kwana tara ruwa na kwance a gonar. Da ya janye, inda layina yake babu ko ganye, yashi ne fari har gwiwa. Na sa hannu na tona, abin da na ciro baƙi ne mai wari.

Dakta bai tayar da hankalinsa ba. Ya tara mu ya ce, "Ba komai, shekara ɗaya ne muka rasa. Kowa ya kawo ambulan nasa." Kowa ya kawo. Ni ma na kawo tawa na ajiye a teburinsa. Ya ɗaga ta, ya ji ba nauyi, ya leƙa ciki, ya dube ni. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi, "Sale, shekara bakwai fa." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro, don na san ko an sake haɗa uwar da uban, dangin nan ba lalle su sake zama yadda suka zauna a wannan layin ba.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Rana ta uku na hau keke na tafi Ƙofar Dumi, ba don ina sa ran komai ba, sai don Inna ce kaɗai ta san daɗin abin da na ɓatar. Na same ta tana wanke tanda. Na zauna a kan turmi na gaya mata duka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta wanke ni tas.

"Kai yanzu da girmanka, da albashinka, ka juye iri har gindi? A gidanmu ko shekarar yunwa ba a taɓa yin haka ba. Me suke koya muku a wurin nan?"

Na ce, "Inna, an koya mini. Ni ne ban ji ba."

Ta yi tsaki ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana jan kwalla daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani ƙullin tsumma duk toka, ta jefo mini a cinya. Na kwance. Shanshera ce, kamar cikin tafi biyu, an cuɗe ta da toka saboda ƙwari.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Mudun da ka kawo mana. Ka taɓa ganin an kawo mini shanshera mai kyau na kai inji duka? Sai na ɗebi na iri tukuna. Ko ba ni da gona, ai ina da 'yan'uwa."

Na ajiye tsumman a gefe a hankali. Na tashi zan rungume ta, ta ce in matsa kada in ɓata mata zane. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma fa na haɗa ta da wadda kawunka ya aiko daga ƙauye. Tsumma ɗaya gare ni." Na duba da kyau. Ta kawu ma tana da jan baki, kuma toka ta rufe komai. A ido ba ka raba su.

Haka na je gaban Dakta da tsumma a hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, na zo in faɗi laifi na biyu." Na gaya masa zancen mudu da keke da masa. Ya kalli tsumman, ya kalle ni. Can ya ce, "Wato ka karya doka ɗaya, ka karya na biyu, na biyun ya zo ya ceci na farko." Na ce haka ne. Ya ce, "Zan rubuta maka takardar gargaɗi. In na gama ka kai ni in gaishe da wannan Inna." Ya rubuta kuwa, tana nan a fayil ɗina har na bar aiki. Ya kuma je, ya ci masa har ya kwance maɓallin riga, Inna tana gyara masa Hausa.

Rabin ƙullin kawai na shuka. Rabin na zuba a sabuwar ambulan, Dakta da kansa ya rubuta a bayanta da fensir: na Inna. Na shuka ƙwaya ɗaiɗai a bokitai a bayan ofis, inda ko rafi ya yi hauka ba zai kai ba, na kewaye da waya saboda zabi. Da suka tsiro duk kama ɗaya suke, kore siriri. Mako huɗu ina zagaya su safe da yamma ban gane komai ba. A mako na shida sai na kawu suka fara miƙa wuya, suna sakin ganye kamar kunnen akuya. A tsakaninsu kuwa ga wasu sun ƙi tsawo, sun yi kauri a gindi, suna ta fitar da 'ya'ya, ganye a tsaye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaura musu zare. Gindi goma sha bakwai. Ban yarda da idona ba sai da suka fitar da kai, na ga zangarniyar nan mai nauyi da na sani kamar fuskar 'yata. Na aika aka gaya wa Malam Buba. Ya aiko da amsa cewa ya ji, kuma in na sake ganin gindin ambulan, zai taso da sandarsa.

Daga gindi goma sha bakwai ɗin nan aka sami duk wadda kuke gani yau a fadamun nan. A takarda lamba ce da haruffa, amma manoma ba su taɓa kiran ta da wannan ba, su 'yar duƙurma suka sani. Wanda ya gane ta a bokiti kuwa ba na'ura ba ce, ido ne da ya shekara bakwai a tsugune. Ku riƙe na'urarku da kyau, tana rage muku shekaru, amma ba za ta karanta irin da babu shi ba.

Inna ta rasu da daɗewa, Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa taka gonar nan ba. Na sha cewa ta zo ta gani, sai ta ce wa zai tsare mata tanda. Ga shi yau yara masu digiri suna kiran sunanta kullum da safe ba su san ta ba.

To, 'yata mai tabarau, kin ji wace ce Inna. Kai kuma mai cewa aikin mai sauƙi ne, tun ɗazu nake kallon ambulan ɗin da ke hannunka. Miƙo ta nan in ji nauyinta.